Aikin Hannun Hagu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, da aikin firjin naka da ba ya ƙarewa.

Na ba direban motar kaya wannan takarda ne don ba zan iya faɗa maka a waya ba. Ka san gidan nan, bangonsa ba ya riƙe magana. Ciwon ya taɓa wa Baba hannun dama da ƙafar dama da harshe, amma wallahi bai taɓa kunne ba. Ko tsaki na yi a kicin sai ya ji. Shi ya sa duk ka kira nake ce maka da sauƙi. Yaya, ba sauƙi.

Tunda aka sallamo mu daga asibiti yana kwance, fuska a bango. Abinci sai na yi ta lallashi kamar yaron yaye, ya ci loma kaɗan ya ture kwanon. Likita ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, ya ce jijiyoyin da suka rage za su iya farfaɗowa idan ya tashi yana motsa jiki, idan kuwa ya ci gaba da kwanciya, to kwanciyar ce za ta ƙarasa abin da ciwon ya fara. Na gaya wa Baba, ya rufe ido kawai.

Sau ɗaya na ga ya ɗaga kai. Dogo masunci ne ya zo dubiya, a bakin ƙofa yake ce mini kawunan dalmarsa sun ƙare, irin ƙugiyoyin nan da Baba ke zuba wa dalma a ka ya shafe su da fenti mai ɗaukar ido don kifi ya kawo cafka. Ya ce ya sayi na kasuwa, shiga ruwa biyu fentin ya saɓule. Sai na ji Baba yana kira da harshen nan nasa mai nauyi. Wai burushi yake so.

Na kawo masa burushi da gwangwanin ja, na riƙe masa ƙugiyar. Hannun hagun ya yi ta rawa, fentin ya bi yatsuna, ya ɗiga a zanen gado, kan dalmar kuwa ko rabi bai samu ba. Mutumin da yake ja wa ɗan kan nan layi siriri kamar gashi! Ya dubi abin, ya dube ni, ya yi jifa da burushin. Na fita tsakar gida na yi kuka na gode Allah.

Shagonsa na nan yadda ya bar shi. Akwai buhu guda na kawunan da ya zuba kafin ya faɗi, ba fenti, suna ta yin duhu. Ni ɗinki na sani, kai ne mai hannun ƙere-ƙere. Ka nemo mana dabarar da mai hannu ɗaya zai yi fenti da ita. In ba shagon nan ba, ban ga abin da zai sauko da shi daga gado ba.

Kuma ka zo mana. Tun ranar asibiti ba mu sake ganin ƙeyarka ba.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na samu takardarki, na kuma fahimci abin da ke ciki. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Maganar zuwa, ki ƙara haƙuri. Zafi ya shigo, firjin mutane na ta mutuwa, shago ba ya baruwa. Amma ga abin da na samo.

Akwai wani fenti da ba ruwa ba ne, gari ne, laushinsa kamar hoda. Masu ƙera kujerun ƙarfe ke aiki da shi. Ba ya son burushi. Ana ɗumama ƙarfe ne a tsoma a ciki, garin ya narke ya lulluɓe shi, sannan a gasa ya yi tauri. Na gwada a kan dalma ya kama. Hannu ɗaya ya isa: filaya ta riƙe ƙugiya, a kai wuta, a kai gari, shi ke nan.

Matsalar ita ce idan garin yana zaune a gwangwani a danƙare, kan ba ya shiga sosai, kuma yana kwasowa da yawa. Sai an sa iska ta ɗaga shi daga ƙasa. A kwalin da na ba direba za ki ga gari kala uku, da guntayen bututun ruwa na roba guda biyu, da murfinsu, da siririn tiyo, da ɗan famfon iska irin wanda ake sa wa kifin ado a akwatin gilashi. Yana aiki da batirin mota, don haka ba ruwanki da ɗaukewar wuta.

Ga yadda za ki haɗa. Guntun da na huda a gefe shi ne na ƙasa, ki rufe gindinsa da murfin, ki zura tiyo a hudar ki liƙe da gam. Ki yanko takardar buhun siminti mai tsabta, ki shimfiɗa a bakinsa, ki danna ɗaya guntun a kai har takardar ta ɗame kamar fatar ganga. A saman takardar za ki zuba gari, kada ya wuce rabi. Iska za ta bi ta cikin takardar ta ɗaga shi. A jikin tiyon akwai ɗan makunni, da shi ake rage iska ko a ƙara. Na zana miki komai a bayan takardar nan.

Wajen ɗumamawa, ƙaramar wutar risho ta isa. Idan fentin ya fito garas-garas, kan bai yi zafi ba. Idan yana hayaƙi yana ɗiga, zafi ya yi yawa, kuma ki tuna dalma ba ta da wuyar narkewa. Na gashi kuwa, ki samu tsohon akwatin ƙarfe, ki zuba yashi a ƙasansa, ki gitta wayoyi a sama don rataya ƙugiyoyi, ki ɗora a kan rishon. Kada wannan akwati ya kusanci abinci har abada. Ki bar taga a buɗe, ki ɗaura masa ƙyalle a hanci.

Ki sanar da ni yadda aka yi. Ki gaishe shi.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kwali ya iso, zanenka ma ya iso, kai ne dai ba ka iso ba. "Ki gaishe shi." Sannu da ƙoƙari!

To bari ka ji. Na haɗa abin nan a shagon Baba, na bar ƙofar ɗakinsa a buɗe da gangan don ya riƙa hangowa. Na zuba jan gari, na jona batir. Kafin in ce me, sai fuu! Garin ya yi tsiri ya watso mini a fuska. Gira ja, haƙora ja, har cikin kunne. Ashe takardar tana da 'yar huda, kuma makunnin a buɗe yake gaba ɗaya, abin da malam mai zane bai ga damar rubutawa ba. Ina tsaye ina tofar da fenti sai na ji wani sauti daga ɗaki. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na ruga. Dariya yake yi, Yaya. Da rabin baki, amma dariya ce.

Na sake takarda, na ninka ta biyu. Wannan karon gefe ɗaya ne ke ɓulɓula, sauran na zaune. Na yi ta fama har kwana biyu, ɗinkin mutane na jibge. Can sai na ji ya ce, "Rage." Na waiga, ga shi ya jingina da ƙyauren ɗaki, shi ya jawo kansa har nan. Ya sake cewa, "Rage iska. Tankaɗe." Na tankaɗe garin da rariya, ashe sanyin ɗaki ya sa ya yi gudaji. Na mayar, na murɗa makunnin a hankali, sai ga gari ya taso ya kumbura yana motsi kamar madara za ta tafasa. Na tsoma yatsa, ban ji komai ya tare ni ba.

Ni da Dogo muka kama shi muka zaunar a kujerarsa. Na sa masa filaya a hannun hagu. Na farko ya bar shi a wuta har dalmar ta zube ƙasa. Na biyu ya fito garas-garas. Bai yi jifa da komai ba, ya dai miƙo hannu a ba shi wani. A na huɗu ko na biyar ya kaɗa shi cikin garin ya fitar, muna kallo garin ya narke ya kwanta, ja sumul yana sheƙi. Dogo ya ce, "Allahu akbar, Maigida ya dawo!" Baba kuwa ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Ya cika waya guda, muka rataya a akwatin gashi, gajiya ta kwashe shi ya yi barci tun kafin su huce. Da na sauke su, sai na ga 'yar kafar nan ta ƙugiya da ake zura zare duk ta toshe. Hannunsa na rawa, yana nutsa kan har wuya, fenti ya cika kafar. Bayan gashi kuwa ya zama kamar tangaran. Na karya allurar keken ɗinki biyu ban buɗe ko ɗaya ba. Dogo ya juya su a tafinsa, ya ce ba masuncin da zai iya ɗaura wannan.

Da ya farka ya tambaye ni, "Kafa?" Na ce suna shan iska tukuna. Yaya, me zan ce masa gobe?

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na yi murna ƙwarai da jin ya zauna a kujera. Na karanta wa Antinki wurin dariyar, ita ma har da ƙwalla.

Kafar zare ana buɗe ta ne da allura tun fentin yana da ɗumi, kafin a gasa. Wannan kuwa aikin hannu biyu ne, ɗaya na riƙe da filaya, ɗaya na sokawa. Idan kika tsaya a kansa kina soka masa, kin san halinsa, zai ce an mai da shi ɗan kallo a shagonsa. Idan kika nuna masa sun lalace, zai koma gado, kuma ban san ko zai sake saukowa ba.

Ga shawarata. Ki ce masa zafin akwatin gashi yana janye fentin daga kafar da kansa. Bai san wannan gari ba, zai yarda. Idan ya kwanta barcin rana, ki ɗebo wasu kawunan daga buhu, ki yi irin adadin da ya yi da irin kalar, ki buɗe kafofinsu, ki gasa, ki ƙulle a leda ki ba Dogo. Nasa kuma ki adana inda ba zai gani ba. Ki ja kunnen Dogo.

Na san ba daɗi. Amma mu ba kifi muke nema ba, tashinsa muke nema. Idan hannun ya yi ƙarfi, rawar za ta ragu, sai a daina ba tare da ya sani ba.

Allah Ya taimake ki.
Yayanki

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fata kuna lafiya. Mu kam ba ma lafiya.

Na bi shawararka, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, da farko ta yi aiki. Kusan wata guda kullum da safe shi ke fara tambayar batir. Ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa shago. Kumatunsa suka ciko. Maganarsa ta fara fita har yana yi mini faɗa in na bar garin a buɗe. Shi ya ƙirƙiro tsoma kai a fari sannan ya taɓa bayansa a kore, masunta suka yi ta rububi. Ni kuwa da ya kwanta bayan azahar sai in lallaɓa shago in yi ta kwaikwayonsa kamar ɓarauniya, nasa in zuba a gwangwanin madara in tura ƙarƙashin keken ɗinkina.

Shekaranjiya Dogo ya zo da abokansa biyu, ɗauke da wani ƙaton kifi, wai tukuici. Ya bar ƙugiyar a bakin kifin don Baba ya gani. Yana ta zuba, Maigida ka ga aikinka, Maigida hannunka na nan. Baba yana murmushi, ya sa a ciro masa. Ya goge ta a riga, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya juya wannan kunci, ya juya wancan. Ina kallo murmushin ya tafi.

Ya ce, "Wannan hannun dama ne."

Dogo ya fara wata dariyar yaƙe. Baba ya ɗaga masa yatsa. Ya nuna mana da babban yatsansa, ya ce kuncin da ya fara shiga gari shi ke fin kauri. Mai hagu ta nan yake kaɗawa, mai dama ta can. Ni da na yi su da hannuna ban taɓa lura ba. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa da ƙyar, amma duk wanda ke shagon ya gane. Ya dube ni ya ce, "Nawa fa?"

 Ya sake cewa, "Kawo."

Na kawo gwangwanin. Ya sa na juye a tebur, suka yi tsibi, ja da fari da kore, kyawawa, Yaya, wallahi kyawawa. Ya ɗauki ɗaya, ya kama zare da leɓe yana neman kafa. Ya ajiye, ya ɗauki wata. Ya yi ta yi, ba wanda ya iya motsi. Abokan Dogo suka sulale. Da ya gaji ya ce mini, "Wa ya ce zafi na buɗewa?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Mai firji." Ba tambaya ba ce.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi! Ya ƙi hannuna, ya ƙi na Dogo, ya ja ƙafarsa shi kaɗai har gado. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kun yi wasa da ni." Yau kwana biyu ruwa kaɗai yake karɓa, fuska a bango.

Ni na yi aikin, ban cire kaina ba. Amma haushinka nake ji, kuma sai na faɗa. Kana zaune can kana auna mana rayuwa da zane a bayan takarda. Zafi ya shigo, firji na mutuwa! Tsoro kake ji, Yaya. Na ga fuskarka a asibiti lokacin da miyau ya zubo masa na goge. Ni ma tsoron nake ji, amma ni kullum da safe sai na shiga ɗakin nan.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Na ajiye, na sake karantawa. Ba zan yi gardama da ke ba.

Mutumin nan shi kaɗai yake saɓa injin kwalekwale a kafaɗa ya hau gangare da shi, ni ina binsa a baya da ledar ƙugiyoyi. Shi nake gani in na rufe ido. Wancan na gadon asibiti ban san yadda zan dube shi ba, ban san me zan yi da fuskata ba. Kin faɗi gaskiya.

Shawarar tawa ce, ki gaya masa haka, kada ya riƙe ki.

Tunda takardarki ta zo na rufe shago. Na sa Antinki ta ɗaure mini hannun dama a baya da ɗankwali, na zauna na yi ta gwadawa da hagu. Na ƙone yatsa, na zubar da gari, na gane abin da na aika masa rabin aiki ne. Ga sauran a kwalin nan. Ɗan matsi ne na ƙarfe da za ki ɗaure a bakin tebur, na haɗa shi da wayar birkin keke zuwa wani mataki a ƙasa, irin na keken ɗinkinki. Idan ya fito da kan daga gari, sai ya sa ƙugiyar a bakin matsin, ya taka da ƙafar hagu, matsin ya riƙe. Hannunsa ya saki filaya ya ɗauki allura ya buɗe kafar da kansa. Na yi ta yi har sai da na cika waya guda ba wadda ta toshe.

Kada ki lallashe shi. Ki haɗa, ki gaya masa gaskiyar yadda yake aiki, ki bar shi. Idan ya ƙi, yana da gaskiya.

Ki ce masa ina neman afuwa. Ki rubuto mini ko ya ci abinci, ko da layi ɗaya ne.

Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na huce, amma ba duka ba.

Ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan, daga hannun matar Dogo, ba nawa ba. Na karanta masa takardarka daga bakin ƙofa, har wurin ɗankwalin. Bai juyo ba. Na ɗaure matsin a tebur, na gaya wa bayansa yadda ake yi, na koma kan ɗinkina.

Kwanaki bai leƙa ba. Ran nan da hantsi ina cikin ɗinki na ji ƙarar sanda, na ji an ja ƙyauren shago an rufe. Na ji ɗan famfon ya fara gurnani. Na taka keken da ƙarfi don ya san ban taso ba. Can sai na ji rim!

Na same shi a ƙasa, kujera a kife, girarsa ta fashe. Allah Ya taimaka rishon bai bi shi ba. Yaya, ka ɗaure hannunka, amma ƙafafunka biyu na nan, bayanka na nan. Shi ƙafar hagun nan ita ce ke tokare shi a zaune. Da ya ɗaga ta zai taka, sai jikin ya tafi ɓangaren da ya mutu, ba abin da zai tare shi. Ni ma da nake tare da shi kullum ban hango ba.

Na wanke masa ciwon, wannan karon bai ture ni ba. Na ce a bari haka nan, na roƙe shi, na ce zan kwance abin in jefa a rijiya. Ya ce, "Ɗaga ni." Na ɗaga shi. Ya ce, "Allura." Na ba shi babbar allurar buhu. Ya ce, "Fita."

Na fita, amma na tsaya a jikin ƙyaure ina leƙe, ba zan ɓoye maka ba. Ya ciji gindin allurar da haƙora, tsinin na waje. Ya ɗumama kai, ya tsoma, sannan ya kawo shi bakinsa da zafinsa yana neman tsinin da kafar. Hannu na rawa, kai na rawa. Ya kuskure, dalmar ta taɓa masa leɓe, na ji ƙaurin daga inda nake. Na cusa mayafi a baki don kada in yi ihu. Ƙafata ta so shiga, na hana ta. Ya ɗauki wani, shi ma ya taɓa leɓen, ya sake, ya kuma sakewa, har allurar ta shige.

Shi ya gasa ƙugiyar, ya zauna a gaban akwatin har ta huce. Sannan ya kira ni da sunana, karo na farko tun ranar kifin nan, ya ba ni zare ya ce in zura. Ya shiga.

Ga ta nan na naɗe maka a ƙyalle. Ba ta da kyau, gefe ɗaya ya yi tudu, akwai tabon leɓensa a jiki. Ya ce kai za a kai wa.

Jiya ya nemi takarda da biro. Na ce ya faɗa in rubuta, ya harare ni. Tun safe har azahar yana abu ɗaya, na danne masa takardar da dutsen guga don kada ta zame. Ban gyara ko harafi ba. In ka kasa karanta wani wuri, ka yi haƙuri ka sake dubawa.

Ƙanwarka, Auta

*

Mai firji,

Sallama. Ina gaida iyali.

Garinka yana da kyau. Famfonka yana da kyau. Matakinka ya kayar da ni.

An ce ka ɗaure hannu. Kwance shi, kana da yara.

Abin da nake so ƙusa ce. Siririya, a kafa ta a tebur, tsini sama. In na fito da kai daga gari in kifa kafar a kanta. Ba sai da haƙori ba.

Auta ta ce za ta kafa. Dogo ya zo da guduma. Na hana su.

Sai an ga inda hannuna yake kaiwa da inda yake tsayawa kafin a san wurin. Wannan ba a zana shi a takarda. Kada ka ba direba. Ka zo ka zauna kusa da ni, ka dube ni da kyau, ka kafa.

Bakina ya karkace, miyau yana zuba. Ni ne dai.

Na yafe. Shago a rufe yake sai ka zo.

Babanka